Idan Tafintan Kwamfuta Ya Yi Gargaɗin da Ba Gaskiya Ba

 Gaisuwa ga mutanen Ambursa, da na Birnin Kebbi, da na Argungu, da duk ƙauyukan da ke bakin fadamar Rima. Shirin yau ya fi shafar masu rubuta manhajar kwamfuta. Ina nufin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da na jami'ar Aliero, da matasan da ke koyon sana'ar nan da kansu a gida. Amma baba, kai da ke kishingiɗe kusa da rediyo, kada ka murɗa tasha. Na'urar POS da kake cire kuɗi da ita, manhaja ce ke tafiyar da ita. Mitar wuta mai kati, manhaja ce. Jirgin da ke ɗaukar alhazanmu daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, nan Ambursa, cike yake da manhaja. Kowacce kuwa mutum ne ya zauna ya rubuta ta. Yau za mu duba wata 'yar shawara da wannan mutumin ke yankewa shi kaɗai, ba mai ganinsa. Na'ura ta gargaɗe shi cewa ya yi kuskure. Ya duba, ya ga bai yi ba. To yaya zai yi? Matsayina shi ne, gargaɗin ƙarya ma yana da haƙƙin a bincike shi. Ba a toshe masa baki sai da hujja, kuma ba a toshe shi ta hanyar da za ta kashe gargaɗin gaskiya na gobe. Ku riƙe wannan, don za mu yi ta dawowa kansa.

Mu fara da kashi na farko, wato sanin abubuwa biyu da maganar ta rataya a kansu. Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Sifili da ɗaya kawai take ji. Shi ya sa mai rubuta manhaja ke rubuta umarninsa da wani harshe na musamman, kamar harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972. Daga nan sai wata manhaja ta karɓi rubutun ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ji. Masu sana'ar suna ce mata kompaila, mu kuwa a nan za mu ce tafinta. Fitattu biyu su ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da kuma Clang da ya zo daga baya. Tafinta ba juyi kaɗai yake yi ba. Idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, yakan ɗaga murya ya yi gargaɗi. Gargaɗi ba hani ba ne. Aikin zai ci gaba, manhajar za ta fito, ruwanka ne ka kula ko ka share. Abu na biyu shi ne ma'aji. Ma'aji wani ɗan wuri ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake laƙaba wa suna, a ajiye lamba a ciki, kamar farashi, ko nauyi, ko shekarun mutum.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ku ɗauki ma'aji kamar buhun da ka aro a kasuwar Argungu. An miƙo maka shi a ɗaure, ba a zazzage ba. Wataƙila wanda ya riga ka ya bar ragowar taki a ciki, wataƙila ƙaiƙayi, wataƙila babu komai. Idan ka zuba shinkafarka bayan ka buɗe, lafiya lau. Idan kuwa ka ɗauke shi a ɗaure ka kai wa mai awo ka ce ga shinkafa, to abin da ya fito ba kai ka zuba ba. Haka harshen C ke yi. Idan ka nemi ma'aji a cikin wani sashe na aikinka, yana ba ka wuri amma ba ya share shi, domin sharewa tana cin lokaci, shi kuwa harshen an gina shi ne don sauri. Duk abin da aikin baya ya bari a wurin, yana nan. Idan ka karanta ma'ajin kafin ka zuba masa komai, yau ka ga sifili, gobe ka ga lamba mai tsawon gaske, jibi ka ga guntun kalmar sirrin wani. Abin ma ya fi haka muni. Ƙa'idar harshen C ta ɗauki irin wannan karatun a matsayin abin da ba ta yi alkawarin komai a kansa ba. Tafinta yana da damar ɗauka cewa hakan ba zai taɓa faruwa ba, ya gina sauran aikin a kan wannan zato. Saboda haka manhajar za ta iya yin daidai a kwamfutarka a Birnin Kebbi, ta je ta yi ɓarna a na'urar mai shago a Jega. Kamfanin Microsoft ya taɓa bayyana cewa tsakanin 2017 da tsakiyar 2018, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ramukan tsaron da ya toshe daga irin wannan ma'ajin suka fito. Kun ga ke nan gargaɗin ba wasa aka ƙirƙiro shi don shi ba.

Mu shiga kashi na biyu. Me ya sa tafinta ke yin gargaɗin ƙarya? Bari mu kafa misali da abin da muka sani. A ce wata ƙungiyar manoman shinkafa a Ambursa ta sa wani ɗalibi ya rubuta mata manhajar biyan kuɗi. Manomi ya kawo shanshera, an auna, za a biya shi. Wasu manoman sun ci bashin taki tun farkon noma, dole a cire musu. Ɗalibin ya buɗe ma'aji ya sa masa suna ragi. A saman rubutun ya ce, idan manomi yana da bashi, lissafa ragi ka zuba. A tsakiya ya kira wani sashe da ke buga rasit. A ƙasa ya sake cewa, idan manomi yana da bashi, cire ragi daga kuɗinsa. Ku duba da kyau. Sharaɗin sama da na ƙasa ɗaya ne. Wanda ba shi da bashi, ba a zuba masa ragi ba, ba a kuma karanta ba. Wanda ke da bashi, an zuba, an karanta. Babu kuskure. Amma tafinta na iya cewa, mai yiwuwa a karanta ragi ba a zuba masa komai ba. Don me? Don shi yana bin hanyoyi ne. Ya ga akwai hanyar da ta tsallake zubawa, ya ga akwai hanyar da ta isa wurin karantawa. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar hanyoyin biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Wani lokaci yana iyawa. Wani lokaci sashen buga rasit ɗin nan yana cikin wani fayil da bai gani ba, don haka ba shi da tabbacin cewa amsar tambayar bashi ba ta canza a tsakani ba. Kai ka san ba ta canza ba. Shi bai sani ba.

Wani zai ce, to ai tafintan ne bai ƙware ba, a gyara shi mana. Ana gyarawa, shekara da shekaru ana yi. Amma akwai iyakar da ba a wucewa, kuma iyakar ta lissafi ce, ba ta ragwanta ba. Tun 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar cewa ba za a iya ƙera wata hanya guda da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyawa ba. A 1953 wani masanin lissafi, Henry Gordon Rice, ya faɗaɗa wannan, ya nuna cewa haka abin yake ga kusan kowace tambaya mai ma'ana game da halin manhaja. Tambayarmu tana cikinsu. Saboda haka duk wanda ya ƙera tafinta dole ya zaɓa. Ko dai ya yi ta gargaɗi har da inda babu laifi, ko ya yi shiru har ya bar wasu laifuffukan su wuce. GCC ya fi karkata ga faɗa, har yana da gargaɗi na musamman mai cewa mai yiwuwa. Clang ya fi kama bakinsa sai an roƙe shi ƙarin bincike. Shi ya sa za ka ga rubutu ɗaya, wannan ya yi ƙorafi, wancan ya yi shiru. Har a GCC ɗin kansa, gargaɗin yakan fito ko ya ɓace gwargwadon yadda ka umarce shi ya matse aikin don sauri, ko gwargwadon sabon fitowa ne ko tsoho. Ina so ɗalibai su ji wannan sosai. Gargaɗin ƙarya zai kasance tare da mu muddin ana rubuta C. Shirun tafinta kuma ba shaidar lafiya ba ne.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan abin da mai rubuta manhaja zai yi idan tafintan kwamfuta ya gargaɗe shi a kan ma'ajin da ba a zuba wa komai ba, alhali gargaɗin ba gaskiya ba ne. Ga kashi na uku, kuma nan ne zuciyar shirin. Maganin da kusan kowa ke fara kai hannu gare shi shi ne sifili. A wurin buɗe ma'aji sai a rubuta, ragi daidai yake da sifili. Nan take gargaɗi ya ɓace. Allo ya yi fes, ɗalibi ya ji daɗi, malami ya ba da maki. Ni kuwa na ce a tsaya a yi wa sifilin nan tambaya ɗaya. Kai amsa ne, ko marfi ne? Mu koma ga manhajar ƙungiyar nan. Bayan wata shida ƙungiya ta fara ba da bashin injin ban ruwa. Wani daban ya zo ya ƙara wannan a rubutun. Ya gyara sharaɗin ƙasa don ya haɗa da masu bashin inji, ya manta bai gyara na sama ba. Yanzu kuskuren gaskiya ya shigo. Da ba a sa sifili ba, da tafinta yana da damar yin kuka, da na'urorin gwaji sun kama shi a karon farko. Amma an sa sifili. Tafinta ya duba ya ga ma'aji a cike, ya wuce. Manhaja ta yi ta cire sifili daga kuɗin masu bashin inji, babu ƙara, babu faɗuwa, har ƙarshen kaka. Ranar da mai riƙe kuɗin ƙungiya ya zo haɗa lissafi, kuɗi ba su cika ba, kuma mutum za a fara zargi, ba na'ura ba. Ku juya misalin, ku ce ma'ajin na farashi ne. Sai a buga wa manomi rasit mai cewa shinkafarsa ba ta da kuɗi.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai inda sifili amsa ce ta gaskiya. Idan za ka tara jimillar buhuna, daga sifili ake farawa, dole ka rubuta shi. Har a maganar ragi, idan ƙungiya ta yanke cewa asalin kowa ba shi da ragi sai an tabbatar da bashinsa, to sifili yana da ma'ana, a rubuta shi da wannan niyya, a kuma rubuta niyyar a gefe. Abin da nake ƙi shi ne sifilin da ba shi da wata ma'ana sai ta rufe bakin tafinta. Sifilin farko yana faɗin gaskiya game da aikin. Na biyun yana faɗa wa duk wanda zai karanta rubutun nan gaba cewa an yi tunani a nan, alhali ba a yi ba.

Manya ma sun bi wannan hanya, sun dawo. Ku ɗauki Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda a kanta Android na wayoyinmu ke zaune. Shekaru da dama masu rubuta ta suna da wata dabara ta kashe wannan gargaɗi. Sukan ce wa ma'aji, kai daidai kake da kanka. Ba a zuba komai ba, amma tafinta sai ya ɗauka an zuba, ya yi shiru. Kowane wuri da aka sa dabarar, wataƙila ranar da aka sa ta gargaɗin ƙarya ne da gaske. Amma rubutu yana canzawa, dabarar kuwa tana nan daram, tana rufe duk abin da ya biyo baya. A 2020 wani masanin tsaro mai suna Kees Cook ya jagoranci cire ta gaba ɗaya, aka fitar da Linux 5.9 babu ita. Hujjarsa ita ce dabarar tana lulluɓe kurakurai na gaske, ko waɗanda ke nan, ko waɗanda za su zo. Wannan hujja kuwa ita ce tamu a yau.

Akwai labarin da ya fi wannan zafi, kuma ina so kowane ɗalibi ya san shi. Akwai wata manhaja mai suna OpenSSL da ke ƙera makullan sirri na intanet. Makulli ba ya ƙarko sai an haɗa shi da lambobin da ba wanda zai iya hasashe. A da, masu OpenSSL sukan tara irin waɗannan lambobi daga wurare da yawa, har ma da gangan sukan haɗa da ragowar da ke cikin ma'ajin da ba a share ba. A 2006 wani mai kula da wannan manhaja a tsarin Debian ya ga na'urar gwaji mai suna Valgrind tana ta ƙorafi cewa ana amfani da abin da ba a zuba ba. A nan ba tafinta ne ya yi gargaɗin ba, na'urar gwaji ce, amma ƙorafin iri ɗaya ne. Don a samu shiru, sai aka kashe layi biyu masu kama da juna. Ɗaya ba shi da wani muhimmanci. Ɗayan kuwa shi ne ƙofar da kusan duk lambobin sirrin ke shiga. Aka samu shirun. Abin da ya rage na bambanta makulli da makulli shi ne lambar aikin da ke gudana, ita kuwa ba ta wuce 32,768. Kwamfuta tana iya gwada wannan adadin duka cikin ɗan lokaci. Kusan shekara biyu ana ƙera makullai haka a Debian da Ubuntu, har sai da Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano, aka sanar a watan Mayu na 2008. Dole aka zubar da makullan aka sake sababbi a duniya. Ku lura da abin da ya faru. Abin da na'urar ke kuka a kansa ba shi ne ya jawo bala'in ba. Gyaran da aka yi don ta yi shiru, ba tare da an fahimci aikin layin ba, shi ya jawo.

To mun zo kashi na huɗu. Me ya kamata a yi? Farko dai ka zargi kanka kafin ka zargi tafinta. Ka ɗauki takarda da biro, ka bi kowace hanya daga wurin buɗe ma'aji zuwa wurin karanta shi. Ka fi sa ido a kan hanyoyin da ba a cika bi ba: idan fayil ya ƙi buɗuwa, idan jerin manoma ya zo fanko, idan sashen da aka ba aikin cikawa ya gaza ya dawo hannu rabbana, idan mai amfani ya danna zaɓin da ba ka yi tsammani ba. Sau da yawa a nan za ka tarar tafinta ne ke da gaskiya. Sannan ka nemi shaida ta biyu. Ka ba Clang rubutun da GCC ya yi ƙorafi a kai. Ka gudanar da manhajar a ƙarƙashin Valgrind, wadda Julian Seward ya fitar a 2002, ko MemorySanitizer ta kamfanin Google. Waɗannan ba hasashe suke yi ba, suna zaune ne suna kallon manhaja tana aiki, su kama ta a daidai lokacin da ta dogara da ma'aji fanko. Amma ka sani, hanyar da gwajinka ya bi kaɗai suke gani. Idan ba ka gwada manomi mai bashi ba, ba za su ce maka komai a kansa ba. Dukansu kyauta ne, ba a biyan ko sisi.

Idan ka tabbatar gargaɗin ƙarya ne, mafi kyawun magani shi ne ka gyara rubutun har tafinta ya ga abin da kake gani. A misalinmu, me ya raba lissafin ragi da cire ragi? Ka haɗe su a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. Ko ka ware ɗan sashe wanda aikinsa kawai ya dawo da ragi a kowane hali, ka buɗe ma'ajin a daidai layin da amsar ta iso. Tun ƙa'idar C ta 1999 an halatta buɗe ma'aji a tsakiyar aiki, ba dole sai a sama ba, amma har yau ana koya wa ɗalibai tsohon salon jera ma'ajai duka a sama kamar doka ce. Idan aka haifi ma'aji da abinsa a ciki, tambayar ma ba ta tasowa. Ga ribar da ta fi shirun tafinta. Abin da ya rikita tafinta, mai yiwuwa ne ya rikita mutumin da zai gaji aikinka, wanda ba shi da abin da ke cikin kanka. Sai idan duk wannan ya gagara, ko gyaran zai lalata saurin da ake buƙata, sannan a kashe gargaɗin. A kashe shi a wannan wurin kaɗai, a kunna shi da an wuce. A rubuta dalili a gefe da cikakkiyar jimla: wane tafinta ne, wace fitowa, kuma mece ce hujjar cewa hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Na sake faɗa. Wuri ɗaya, da dalili a rubuce.

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da hujjoji masu nauyi. Wani zai ce, ai su kansu masu Linux sun kashe gargaɗin mai yiwuwa ɗin nan na GCC gaba ɗaya a 2020, to mu su wa? Gaskiya ne sun kashe, kuma dalilinsu abin dubawa ne. Idan gargaɗin ƙarya ya yi yawa, ido yakan saba, har na gaskiya ya wuce ba a gani ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma shi ya sa ban ce a bar gargaɗi ya yi ta taruwa a allo ba. Amma a duba abin da suke da shi bayan sun kashe. Suna juya rubutunsu da Clang ma. Suna da na'urar bincike mai suna Smatch. Suna da kwamfutoci da ke jefa wa Linux gwaji dare da rana. Suna da dubban idanu. Rubutunsu miliyoyin layi ne. Ɗan uwa, kai da ke da layi dubu biyu, kai kaɗai a ɗaki a Gwadangaji, gargaɗi nawa za ka samu? Uku ko huɗu. Tafinta shi ne kaɗai abokin dubawarka. Idan ka kashe shi, wa ya rage?

Wani kuma zai ce, ai yanzu tafinta na iya share kowane ma'aji da kansa. Haka ne, kuma abu ne mai kyau. Clang ya samu wannan zaɓi a 2019, GCC ya samu a fitowarsa ta 12 a 2022. Google ya yi amfani da shi a Android, Microsoft ya yi makamancinsa a Windows. Ina goyon bayan a kunna shi a manhajar da za a miƙa wa jama'a, don yana hana sirrin wani ya zubo ta ragowar ma'aji. Amma ku ga bambancinsa da sifilin hannu. A GCC, ko an kunna wannan zaɓi, tafinta yana ci gaba da ɗaukar ma'ajin a matsayin wanda ba ka cika ba, yana ci gaba da gargaɗi. Ya rage ɓarnar kuskure, bai ɓoye kuskuren ba. Kuma ba zai gyara wa ƙungiyar manoma lissafinta ba, don ragin sifili ragin sifili ne ko wa ya zuba shi. Masu cewa a bar C a koma Java ko Rust su ma suna da gaskiyarsu. Waɗannan harsuna ba sa gargaɗi, ƙin juya rubutun suke yi sai sun gamsu an cika ma'aji. Sai dai wanda ya saba da sifilin toshe baki zai ɗauki halinsa ya tafi da shi can, don su ma sifili yana gamsar da su. Ga shi kuma ƙananan na'urori, irin na mita da na injin sola da na mota, har yanzu C ne ya fi yawa a cikinsu. Shi ya sa masana'antar motoci ta Ingila ta fitar da dokokin MISRA tun 1998, kuma a cikinsu akwai dokar da ta hana karanta ma'aji kafin a zuba masa abu.

Ja na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da mu. Lokaci. Wuta ta ɗauke, batiri ya kusa mutuwa, mai aiki yana kira, gobe za a miƙa. Wa ke da sukunin bin hanyoyi da biro? Na ji wannan, kuma ba ƙarya ba ne. Amma bin hanyoyin ma'aji ɗaya aikin mintoci ne, kuma ba ya buƙatar wuta, takarda ta isa. Neman kuskuren da sifili ya binne kuwa, bayan wata shida, a na'urar da ke hannun wani a Argungu, aikin kwanaki ne, ga asarar kuɗin mutane, ga zubewar mutuncinka a garin da kowa ya san kowa.

Zan rufe da roƙo. Malamai na Birnin Kebbi da Aliero da Argungu, don Allah ku sa ɗalibai su kunna gargaɗin tafinta tun darasin farko. Idan kuna duba aiki, kada ku tsaya ga cewa allo ya yi fes. Ku nuna sifili guda ku tambayi ɗalibi me ya sa yake nan. Idan ya ce don gargaɗi ya tafi, ku mayar masa da aikin. Shugabannin ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da ke ba da kwangilar manhaja, ko ba ku san C ba kuna da ikon tambaya: akwai gargaɗin da ka kashe, kuma ina ka rubuta dalili? Ku kuma 'yan uwa masu rubutu, a daren nan ku buɗe aikin da ke hannunku, ku nemo duk inda kuka toshe bakin tafinta, ku cire toshiyar ɗaya bayan ɗaya, ku ji abin da zai faɗa. Nan muka kawo ƙarshen shirin yau.